Yaushe Haɗi Ke Zama Ƙirƙira? Tarihin Wata Tambaya, Daga Gam Ɗin Efoksi Zuwa Lason Magina

A fadamun Gulbin Rima, tun daga Goronyo har Wurno, injin ban-ruwa shi ne jarin manomin rani. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984, ita ke riƙe ruwan damina tana sakinsa a hankali, amma ɗan injin fetur da ke bakin gona shi ke kai ruwan gindin shinkafa da albasa da tafarnuwa. Ranar da gangar jikinsa ta tsage, ko tankinsa ya fara ɗiga, sau da yawa ba wurin mai walda ake fara zuwa ba. Bakanike yakan ɗauko gam ɗin nan mai haɗi biyu, wanda ke zuwa cikin 'yan bututu irin na man goge baki, ya matso daidai wa daida a kan guntun kwali, ya gauraya da tsinke, ya shafe tsagar. Galibi Araldite ake ce masa, ko da wani kamfani dabam ne ya yi shi. Sunansa a wurin masana sinadarai efoksi.

Bambancinsa da ƙaro shi ne, shi ba bushewa yake yi ba. Ƙaro yana kamawa ne idan ruwan da ke cikinsa ya tafi, kuma da ya sake jiƙa sai ya saki. Shi kuwa efoksi, a bututu ɗaya akwai danƙo, a ɗayan akwai madaskari, kowanne zai daɗe a ajiye bai canja ba. Da zarar sun haɗu, sai ƙwayoyinsu su shiga sarƙewa da juna ta kowace fuska kamar saƙar koma, har abin ya zama dunƙule guda wanda ruwa ba ya narkar da shi.

Dubban takardun mallakar ƙirƙira, waɗanda lauyoyi ke kira fatent, aka bayar a duniya a kan ire-iren wannan haɗi. Ita wannan takarda ciniki ce tsakanin hukuma da mai ƙirƙira: ya bayyana wa jama'a sirrin abin da ya gano, ita kuma ta hana kowa yin sa ko sayar da shi ba da izninsa ba har shekara 20. Zuciyar takardar ita ce da'awa, wato 'yan layukan da ke zana iyakar abin da ya mallaka, kamar shingen gona. Kafin a yarda da shingen, sai abin ya zama sabo, ya zama mai amfani a masana'anta, sannan kada ya zama abin da ke a fili ga ma'abota sana'ar. Sabunta ba ta da wuyar aunawa, domin ko dai an taɓa yin abin ko ba a taɓa ba. Sharaɗi na uku shi ne ya wahalar da alƙalai fiye da shekara 170, kuma ba inda wuyarsa ta fi fitowa kamar a kan haɗe-haɗen da kowane sinadari a cikinsu sananne ne tun da daɗewa.

Efoksi kansa haka ya fara. Sinadarai biyun da ake yin danƙonsa da su tsofaffi ne: efikulorohaidirin an san shi tun tsakiyar ƙarni na 19, bisfenol A kuwa wani Barashe mai suna Aleksandr Dianin ya haɗa shi a 1891. Sai a 1934 Paul Schlack na kamfanin IG Farben a Jamus ya nemi takardar mallaka a kan haɗa irin waɗannan sinadarai da amin. Bayansa kaɗan, Pierre Castan, wanda ke aiki da kamfanin De Trey mai yin kayan haƙori a Zurich ta Suwizalan, ya samo danƙon da ke daskarewa ba tare da ya tsuke sosai ba. Haƙoran roba yake nema, bai ci kasuwa a nan ba, amma kamfanin Ciba na Basel ya karɓi lasisin aikinsa ya fito da Araldite a 1946. A cikin shekarun nan ne kuma Sylvan Greenlee na kamfanin fenti na Devoe and Raynolds a Amurka ya bi tasa hanyar ya iso kusan wuri ɗaya. Waɗannan takardu na farko duk sun daɗe da ƙarewa. Abin da ya biyo bayansu, har yau, gasar girki ce: wane madaskari, wane ciko, kashi nawa, a wane zafi.

Mariƙin ƙofa da mutumin da ba a haifa ba

Tambayar ta girmi efoksi. A 1841 wani Ba'amurke mai suna Hotchkiss da abokansa suka sami takardar mallaka a kan mariƙin ƙofa na yumɓu da tangaran. Kafin nan da ƙarfe ko katako ake yin sa. Siffar mariƙin ba sabuwa ba ce, yadda ake kafa masa ƙarfen da ke shiga ƙofa ba sabo ba ne, yumɓu kuwa ba a magana. Da maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1851 ta soke takardar. Hujjarta ita ce, musanya wani abu da wani sananne, ko da an sami rahusa da ƙarko, aikin gwanin ma'aikaci ne, ba na mai ƙirƙira ba.

Da wannan hukunci aka shigo da wani mutum cikin shari'a wanda ba a taɓa haifa ba, wato matsakaicin gwanin sana'a. Doka ta ɗauka cewa ya san duk abin da aka sani a fagensa, bai manta komai ba, hannunsa kuma ya faɗa, sai dai ba shi da baiwar ƙago abin da ba a taɓa tunani ba. Duk abin da wannan mutum zai iya kaiwa gare shi da kansa, na kowa ne. Abin da ya gagare shi kaɗai ake killace wa mai shi.

Faɗin haka ya fi aikata shi sauƙi. Shekara ɗari alƙalan Amurka suna ta kai gwauro suna kai mari, kowa da mudunsa. A 1941, a wata shari'a kan makunnin taba na mota, Kotun Ƙoli ta nemi sai an ga walƙiyar basira kafin a ce an yi ƙirƙira. Wannan ya tayar da hankalin masana sinadarai ƙwarai, domin aikinsu ba walƙiya ba ne, haƙuri ne: a gwada haɗi ɗari, a zubar da casa'in da tara. Majalisar Amurka ta gyara lamarin a dokar 1952, inda sashe na 103 ya ajiye ma'auni guda, wato ko abin a fili yake ga matsakaicin gwani a lokacin da aka yi shi, ya kuma ƙara da cewa yadda aka kai ga abin, da wahayi ne ko da naci, ba ya hana mallaka.

A rana ɗaya cikin Fabrairun 1966 kotun ta fassara wannan sashe a shari'u masu kama da kishiyoyi. A ta Graham da kamfanin John Deere, wadda ta shafi yadda ake ɗaure haƙorin garma don kada duwatsu su karya shi, ta soke takardar, ta kuma jera abin da alƙali zai duba: me aka sani a da, ina bambancin da'awar da shi, ina matsayin gwanintar masu sana'ar, sannan alamun waje, kamar cin kasuwa, da daɗewar bukata, da gazawar waɗanda suka gwada a baya. A ta Adams kuwa ta tabbatar da takardar wani batir da ruwa ke tayar da shi, duk da cewa sinadaransa biyu sanannu ne, saboda ilmin zamanin ya nuna haɗa su ba zai yi ba, kuma masana sun ƙi gaskatawa da farko. Garma ta faɗi, batir ya tsira, alhali dukkansu haɗin tsofaffin abubuwa ne. Abin da ya raba su shi ne ko sakamakon abin tsammani ne.

Yadda ake auna girki

A ɗauki misali da da'awa irin wadda ake yawan gani. Wani kamfani ya ce ya mallaki gam mai ɗauke da danƙon bisfenol A, da madaskarin da ba ya farkawa sai an gasa, da ƙwayoyin roba kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, da garin silika. Mai tantancewa a ofishin rajista zai binciko tsohuwar takarda mai danƙon da madaskarin da silikar, ya binciko wata mai cewa roba tana rage wa efoksi saurin karyewa, abin da aka sani tun ƙarshen shekarun 1960. Sai ya ce: ga rabi a nan, ga rabi a can, kowane gwani zai haɗa su.

Kamfanin zai amsa cewa wannan hangen baya ne, kuma amsar ba ta banza ba ce. Kacici-kacici, da an faɗi amsarsa, kowa sai ya ga ai da ma a fili take. Mai tantancewa ya riga ya karanta da'awar kafin ya shiga rumbun takardu, saboda haka ya san abin da yake nema, alhali gwanin da doka ke magana a kansa bai sani ba. Don haka ake bukatar a nuna dalilin da zai sa gwani ya haɗa waɗannan takardu biyu musamman, da kuma cewa yana da kyakkyawan zaton yin nasara.

Kotunan Amurka sun tsayar da wasu ƙa'idoji da ke sauƙaƙa wa mai tantancewa wannan aiki, kuma ko da yake ba a kan gam aka yanke su ba, su ake ja wa masu neman mallakar efoksi kullum. Shari'ar Kerkhoven ta 1980 a kan garin sabulun wanki take: idan abubuwa biyu an san kowanne yana yin aiki iri ɗaya, gauraya su don su yi wannan aikin dai abu ne da ke a fili. Mai haɗa madaskari biyu sanannu a nan yake tuntuɓe. Shari'ar Aller ta 1955 ta fi tsufa, kuma tana da dangantaka ta jini da efoksi, domin a kan hanyar samar da fenol take, wanda da shi ake yin bisfenol A. An san ana yin aikin a zafin digiri 100 da asid kashi 10 cikin ɗari. Masu nema suka ce sun gano ya fi kyau a digiri 40 zuwa 80 da asid kashi 25 zuwa 70. Kotu ta ce laluben ma'aunin da ya fi dacewa aikin yau da kullum ne na ɗakin gwaji. Shari'ar Peterson ta 2003, a kan gaurayen ƙarfe, ta ƙara da cewa wanda ya zaɓi kashi 1 zuwa 3 daga cikin faɗin 0 zuwa 7 da aka riga aka wallafa, a fili zaɓinsa yake har sai ya nuna akasin haka.

Wannan "har sai" ita ce ƙofar da ta rage, kuma da alƙaluma ake shiga ta, ba da zaƙin bakin lauya ba. Akwai wani ciniki da duk mai haɗa efoksi ya sani: ƙara roba yana sa gam ya jure duka da girgiza, amma yakan rage masa jure zafi da tauri. Wanda ya ƙara roba ya sami juriya ya rasa zafi, bai gano komai ba, abin da aka yi tsammani ne ya faru. Wanda kuwa ya nuna cewa a wani ƙunci na ma'auni juriyar ta hau, jure zafin kuma bai sauka ba, to ya zo da abin da gwani ba zai hango ba. Amma sai ya kawo gwaji. A liƙa ƙarfe biyu a ja su har su rabu, a ɓare su a auna ƙarfin da aka sa, a duba zafin da gam ɗin ke fara laushi. Kuma dole ya gwada haɗinsa da tsohon haɗin da ya fi kusa da shi, ba da wani raunanan da ya zaɓo don ya ji daɗin kayar da shi ba. Sannan faɗin hujja ya yi daidai da faɗin da'awa: wanda ya gwada amin guda ɗaya ba zai killace dukan dangin amin ba. Da yawa daga cikin da'awoyin gam a nan suke tsukewa, su shiga ofis da faɗin fadama su fito da faɗin kwami.

Wata ƙofar ita ce a nuna cewa ilmin baya ya yi gargaɗi a kan hanyar. Idan tsofaffin takardu sun ce ciko ya wuce kaza gam zai ƙi shafuwa, wani kuma ya wuce kazan ya ga ya shafu, to matsayinsa irin na Adams ne da batirinsa.

Turai ta bi tata hanyar. Bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Munich a 1973, ofishin rajistar Turai ya saba da tambayoyi uku a jere: wace tsohuwar takarda ce ta fi kusa, wace matsala bambancin ya warware a zahiri, kuma gwani da ke fuskantar wannan matsala zai bi wannan hanya ne, ko dai kawai yana iya bin ta? Amfanin wannan tsari a kan girke-girke a bayyane yake. Idan mai nema ya kasa nuna wani fifiko, sai a rage matsalarsa ta koma "samar da wani gam dabam" kawai, kuma ɗauko kowane sanannen sinadari daga kanta ya isa ya warware wannan. Amurka ma ta ƙara matsawa a 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota, inda Kotun Ƙoli ta ce gwanin nan ba inji ba ne, yana da dabara irin ta kowa, kuma idan hanyoyin da za a gwada 'yan kaɗan ne, sakamakonsu kuma abin hasashe ne, to gwada su ba ƙirƙira ba ne.

Ma'aunin yana da hankali, amma ba kowa yake yi wa adalci daidai ba. Hujjar da yake karɓa ta mai ɗakin gwaji ce da na'urorin awo. Wanda ya san haɗinsa ya fi, amma da hannu da ido ya sani, ba shi da bakin magana a gabansa.

Katsi, gashi da dafara

Ƙasar Hausa ba baƙuwar haɗe-haɗe ba ce. Malaman da suka cika Wurno da rubutu tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da garin ribaɗi, ya rasu a can a 1837, da ƙaro suke kama baƙin tawadarsu a jikin takarda da allo. Magina suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su yi daɓe da shafe da ita. Amma wanda ya fi kama da girkin masana'anta shi ne laso, simintin gargajiya da ake shafe rufin soro da cikin rijiyoyin marina da shi. Ana kwashe katsi, wato gurɓin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar baba, a busar, a ƙone, a daka. A kawo gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fata. A daka dafara a jiƙa ta har ta yi yauƙi. A kwaɓa su wuri guda.

Laso ba efoksi ba ne, sinadaransa ba sa sarƙewa irin waccan sarƙewa. Amma tsarin tunanin ɗaya ne: ga gari mai ba da jiki, ga zare mai hana tsagewa, ga mai ɗaure su. Biyu daga cikin ukun kuma sharar wasu sana'o'i ce, ta marina da ta majema, abin da ke nuna cewa a gari mai sana'o'i kusa da juna aka gano shi.

Da za a kai laso gaban mai tantancewa a ranar da aka fara kwaɓa shi, da wuya a ce ga yadda za ta kaya. Zai iya cewa sa zare cikin ƙasa sananne ne, tun da ana sa ciyawa a tubali, musanya ciyawa da gashi kuwa irin musanyar Hotchkiss ce. Sai dai ba abu ne da ke a fili ba cewa dattin rijiyar rini, in an ƙona shi, zai zama abin da ke hana ruwa wucewa. Wannan ya fi kusa da batirin Adams. Ba a san sunan wanda ya fara ba, kuma sana'ar ba ta bukaci a sani ba, domin tana da nata hanyar tsare ilmi: gado, da koyo a hannun ubangida, da ikon sarkin magina.

Doka ta riga Turawa shiga Sakkwato

Dokar mallakar ƙirƙira ta farko ta Nijeriya ta Arewa an shelanta ta a 1902, shekara guda kafin rundunar Ingila ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Wato an tanadi kariyar kayan Turawa a ƙasar da ba su gama kamawa ba. Bayan haɗe Kudu da Arewa aka yi doka guda a 1916, sannan a 1925 aka maye gurbinta da wadda ta rufe ƙofa gaba ɗaya: ba a ba da takarda a Nijeriya, sai dai a yi rajistar wadda aka riga aka samu a Ingila. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah a 1910, ya yi dukan rayuwarsa ta mulki har rasuwarsa a 1966 ƙarƙashin wannan tsari. A duk tsawon lokacin, ɗan Rabah da ya ƙago wani abu sai ya bi ta Landan kafin a san da shi a ƙasarsa, kuma tambayar ko abin a fili yake, da mudun Ingila ake auna ta.

Dokar 1970, wadda gwamnatin soja ta kafa kuma ake aiki da ita har yanzu, ta dawo da ikon gida. Sashenta na farko ya ce abu ya cika sharaɗin ƙirƙira idan bai biyo a fili daga ilmin da ake da shi ba, ko ta fuskar hanya, ko amfani, ko haɗa hanyoyi, ko kayan da aka samar, ko sakamakon da ya bayar a masana'anta. Sannan ta fassara ilmin da ake da shi da faɗi ƙwarai: duk abin da ya isa ga jama'a a ko'ina, a kowane lokaci, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani. A ƙarƙashin wannan lafazi, abin da magini ya koya wa yaronsa a Wurno yana da matsayi ɗaya da takardar Ciba.

Sai dai dokar da ta ba da wannan da hannun dama ta karɓe da na hagu. Sashe na 4 ya ce rajistara siffar takardu kawai zai duba, ba zai binciki ko abin sabo ne ko a fili yake ba, kuma ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da hukuma ta lamunce ingancinta ba. Ba a tambayar da aka shekara 170 ana gardama a kanta a ofishin da ke Abuja. Sai in wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya yana neman a soke takardar sannan za ta taso. Wannan tsari yana da arha da sauri, kuma ana iya fahimtar dalilinsa a ƙasar da a 1970 ba ta da masu tantancewa. Amma ya ɗora nauyin bincike a kan wanda aka tare wa hanya, wanda sau da yawa shi ne mafi ƙarancin hali.

A waje kuma matsalar ta juya. Can ana bincike sosai, amma mai tantancewa takarda yake karantawa, ba ya zuwa marina. Har zuwa gyaran dokar da ya fara aiki a 2013, Amurka ba ta lissafa amfani da abu a wata ƙasa a matsayin ilmin baya sai in an buga shi. Indiya ta ɗanɗana wannan. A 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda a kan maganin fumfunar shuka daga man dogon yaro, wato darbejiyar nan da ke inuwa a kowane titi na Sakkwato. An soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005, amma sai da masu ƙorafi suka kawo shaidar cewa an riga an yi irin wannan amfani a Indiya, aka kuma kwashe shekara goma ana shari'a. Daga irin wannan darasi Indiya ta fara tattara ilmin gargajiyarta cikin rumbun kwamfuta a 2001, ta buɗe shi ga ofisoshin rajista na duniya. A ƙasar Hausa, abin da ya fi kusa da wannan rumbu, abin mamaki, aikin Turawa ne: littafin J. M. Dalziel na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, da babban littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, da rubuce-rubucen masana gine-gine irin su Moughtin da Dmochowski. Abin da suka rubuta ya zama hujja a kowane ofishi. Abin da suka tsallake, a idon mai tantancewa, kamar babu shi.

Maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce, domin masana'antar efoksi ta fara waiwayar itatuwa. Damuwa kan illar bisfenol A ga lafiya, wadda ta sa Tarayyar Turai ta hana shi a kwalaben shayar da jarirai a 2011, ta sa ana neman madadinsa daga tsirrai, kuma tanin na cikin waɗanda ake gwadawa, tun da shi ma dangin fenol ne da ke karɓar efikulorohaidirin. Tanin shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majeman Sakkwato ke jeme fatar jar akuya da ita. Idan wani mai bincike ya haɗa gam daga bagaruwar Goronyo ya nemi mallaka, a Abuja zai samu muddin takardunsa sun cika. A Munich za a ce masa an riga an yi da tanin na wasu itatuwa, dalilin gwadawa a bayyane yake, bagaruwa kuma an rubuta tun tuni cewa tana da tanin, saboda haka sai ya nuna da awo abin da tata ta yi wanda na sauran bai yi ba. Idan kuwa kamfanin waje ne ya rigaye shi, ya zana da'awa mai faɗin da ta taɓa yadda ake jiƙa bagaruwa a tace ruwanta, to shaidar majemi da baki karɓaɓɓiya ce a Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato, wadda doka ta yarje mata ta zauna da masana biyu su ba ta shawara, amma sai an sami mai shigar da ƙarar da mai biyan lauya.

A watan Mayun 2024 ƙasashen Hukumar Mallakar Fasaha ta Duniya suka amince a Janeba da wata yarjejeniya da ke wajabta wa mai neman takarda ya faɗi ƙasar da ya samo tsiron da ƙirƙirarsa ta dogara a kai, da al'ummar da ta ba shi ilmin. Za ta fara aiki wata uku bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita. Ba ta taɓa ma'aunin abin da ke a fili ba, sai dai za ta sa mai tantancewa ya san inda zai nemi abin da aka riga aka sani.